Kafin A Sayi Ma'ajiyar Wuta, A Yi Lissafi

Tun daga 1972 da aka kafa hukumar NEPA, kalmar nan "an ɗauke wuta" ta zauna a bakin jama'a. A 2014 rarraba wutar Jihar Kaduna ya koma hannun kamfanin Kaduna Electric, amma ɗalibin da ke karatu a Gidan Waya, da akawun ɗan kasuwar citta a Kafanchan ko Kwoi, duk sun san cewa wuta baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi. Fitila in ta mutu sai a kunna wata. Kwamfutar tebur kuwa in ta mutu farat ɗaya, aikin da ba a adana ba ya tafi ke nan, wani lokaci har rumbun ajiyarta ya taɓu.

Maganin wannan shi ne ɗan akwatin nan mai batir da ake kira UPS, watau ma'ajiyar wuta, wanda ke karɓar aiki nan take da zarar wuta ta tafi. To, amma mutane da yawa sukan sayi mafi araha, sun manta araha ba ta ado.

Kuskure na farko yana wajen lambar da ke jikin kwali. A kan rubuta VA, alhali kwamfuta da wat ake auna cinta. A ƙananan akwatuna, wat ɗin yakan zama kamar kashi 60 cikin ɗari na VA. Alal misali, mai 650 VA ba ya ɗaukar fiye da wat 390 ko kusa da haka. Saboda haka sai maigida ya tara nauyin kayansa. In kwamfuta tana cin wat 250, allonta wat 40, na'urar intanet wat 10, jimla 300 ke nan. Sai ya ƙara rubu'i don rata, ya zama 375. Mai 650 VA ya isa da ƙyar, amma mai 1000 VA ya fi kwanciyar rai.

Kuskure na biyu shi ne zaton ɗaukar nauyi da daɗewa abu ɗaya ne. Batirin ciki galibi mai bolt 12 ne da Ah 7, ƙarfin da ba ya wuce 'yan mintoci a ƙarƙashin irin wannan nauyi. Aikinsa dai ya ba mutum zarafin adana rubutunsa ya kashe kwamfuta cikin natsuwa. Wanda ke bukatar sa'o'i sai ya nemi inbata da babban batir. Mai Ah 100, in ba a zuƙe fiye da rabinsa ba don ya yi ƙarko, zai riƙe wat 300 kamar sa'a ɗaya da rabi.

Bugu da ƙari, kada a jona masa firinta mai leza, ko dutsen guga, domin sun fi ƙarfinsa. A ajiye shi inda iska ke shiga, gama zafin bazara yana rage kwanan batir, wanda dama bayan shekara uku zuwa biyar yake neman canji. Da damina kuwa, ga yawan tsawa a Kudancin Kaduna, in hadari ya taso zare soket ya fi dogara ga kowane akwati.

Wanda ya yi lissafin nan a takarda kafin ya tafi kasuwa, ba zai sayi abu ɗaya sau biyu ba.