Sun ragu ko sun yi yawa? Gardamar farin beyar a gaɓar Hudson

Arviat gari ne na al'ummar Inuwit a yankin Nunavut na ƙasar Kanada, yana gaɓar yamma ta tekun Hudson, mutanensa ba su wuce dubu uku ba. A watan Yuli na 2018 wani magidanci daga garin ya kai ƴaƴansa wani tsibiri da ke kusa domin tsintar ƙwan tsuntsaye. Farin beyar ya fito musu. Uban ya tsaya tsakanin dabbar da yaran har suka tsere zuwa jirgin ruwa, shi kuwa ya rasa ransa. Wata bai cika biyu ba, wani maharbi daga garin Naujaat ya mutu ta irin wannan hanya. Tun daga nan wata tsohuwar gardama ta sake tashi: mazauna yankin suna cewa dabbar ta yi yawa, masana kimiyya suna cewa raguwa take yi.

Farin beyar, wanda Inuwit ke kira nanuq, namijinsa yakan kai kilo 600. Abincinsa wata dabba ce ta teku mai tarin kitse, mai ɗan kama da ayu, wadda suke kira nattiq, kuma ba ya iya kamunta sai a bisa ƙanƙarar da ke rufe teku. A tekun Hudson ƙanƙarar nan narkewa take ƙaf da bazara, sai beyar ya hau tudu ya yi wajen wata huɗu yana cin kitsen jikinsa. Ɗumamar yanayi ta tsawaita wannan zaman yunwa da makonni idan aka kwatanta da shekarun 1980. A waɗancan shekaru an ƙiyasta fararen beyar na yammacin Hudson sun kai wajen 1,200. Ƙidayar da aka yi daga jirgin sama a 2021 ta ba da 618.

Duk wanda ya saba bin diddigin ma'anar kalmomi zai lura cewa ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, ko da yake kalmar da suke ja a kai ɗaya ce. Yawan da masani ke nufi adadi ne a faɗin ƙasa mai dubban kilomita. Yawan da matar Arviat ke nufi shi ne sau nawa ta ga sawun dabbar a bayan ɗakinta cikin mako guda. Beyar mai yunwa, wanda ƙanƙara ta yi masa jinkiri, yana bin gaɓa zuwa arewa, ƙanshin nama da na juji na jansa cikin gari. Saboda haka adadi na iya faɗuwa alhali haɗuwa da mutane tana ƙaruwa. Maganganun biyu suna iya zama gaskiya a rana ɗaya, kuma kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne ɗaukar ta farko a matsayin ilimi, ta biyu kuwa a matsayin tsoron ƙauyawa.

Wannan raini yana da tushe a tarihi. A 1973 ƙasashe biyar, wato Kanada, Amurka, Tarayyar Sobiyet, Norwe da Danmak mai riƙe da Girinlan, suka sa hannu a birnin Oslo kan yarjejeniyar kare farin beyar. Ta yi amfani, domin ta tsayar da farautar da ake yi da jiragen sama da manyan jiragen ruwa, ta kuma bar wa ƴan asalin yankin damar farautarsu ta gado. Sai dai gwamnatoci ne suka zauna suka tsara ta, daga baya kuma hoton dabbar tsaye kan guntun ƙanƙara ya zama tutar masu fafutukar yanayi a biranen da babu mai fargabar fita zubar da shara da dare. Wanda ke nesa yana ganin alama. Wanda ke kusa yana ganin haƙora.

Akan kawo garin Churchill na lardin Manitoba a matsayin hujjar cewa zaman tare mai yiwuwa ne, kuma hujjar tana da ƙarfi. Garin na da lambar waya ta musamman don ba da labarin beyar, da ma'aikata masu sintiri suna korarsa da harbin tsoratarwa. Tun farkon shekarun 1980 akwai wani gini da jama'a ke kira gidan yarin beyar, inda ake tsare mai taurin kai har wajen kwana 30 ba tare da abinci ba, don kada ya haɗa gari da ƙoshi, sannan a ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu ko a sake shi idan teku ta daskare. Amma Churchill tana da layin dogo, tana da kuɗin lardi, kuma kowace kaka baƙi masu yawon buɗe ido suna zuwa da kuɗinsu don kallon dabbar. Arviat, wadda ke kan hanyar waɗannan dabbobi idan sun nufi arewa, ba ta da ko hanyar mota da ta haɗa ta da sauran ƙasar. Akwai shekarun da aka mayar da bikin yara na ƙarshen Oktoba cikin zauren taro, saboda yawo gida-gida da dare ya zama kasada.

Akwai kuma batun kaso. A Nunavut kowane gari yana da adadin beyar da aka yarje masa ya farauta a shekara, kuma wanda aka harbe don kare rai daga cikin wannan kaso ake cire shi. Ma'ana, garin da dabbar ta fi addaba shi ne ke asarar nama da fata da maharbansa za su samu. Da wuya a kira wannan adalci.

Wannan ba ya nufin a buɗe ƙofar farauta yadda kowa ya so. Macen beyar ba ta haihuwa sai kusan bayan shekara uku-uku, ƴaƴa biyu galibi, don haka garken da aka rage ba ya farfaɗowa da sauri, kuma harsashi ba zai dawo da ƙanƙarar da ta narke ba. Abin da ya kamata shi ne ƙasashen da hayaƙin masana'antunsu ya jawo narkewar, su ne kuma suka fi ɗaga murya kan kare dabbar, su biya kuɗin abin da ke raba ta da mutane: shingen lantarki, rumbun ƙarfe na ajiye nama, juji mai kariya, da albashin masu sintiri na dindindin maimakon tallafin da ke zuwa bana ya ɗauke baɗi. Kuma idan za a yanke kason farauta, abin da dattawan Inuwit suka sani game da halin nanuq, wanda gwamnatin Nunavut da aka kafa a 1999 ta amince da shi da sunan Inuit Qaujimajatuqangit, ya shiga lissafi tun daga farko, a harshen Inuktitut, ba a fassara musu hukunci bayan an gama shi ba.