Sankarar mama: Ina matan arewa a gwajin magunguna?

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar 2022, kuma kimanin 16,000 sun rasu.

Akasarinsu ba sa isa asibiti sai cutar ta yi nisa. Ga macen da ke Maigatari ko Sule Tankarkar a jihar Jigawa, neman ƙwararren likitan sankara kan nufi doguwar tafiya zuwa Kano ko Zariya, sau da yawa bayan an gwada na gargajiya.

A wannan mataki tiyata kaɗai ba ta wadatarwa, don haka likitoci kan haɗa magungunan kashe ƙwayoyin sankara biyu ko uku.

Gwaje-gwajen da aka yi tun daga shekarun 1960 sun nuna cewa idan cutar ta bazu a jiki, haɗin ya fi saurin rage ƙari, amma ya fi galabaitar da majinyaciya, kuma ba lallai ne ya ƙara mata kwana fiye da ba da magungunan ɗaya bayan ɗaya ba.

To sai dai mafi yawan gwaje-gwajen a Turai da Amurka aka yi su, alhali nau'in sankarar da ba ya jin magungunan daƙile sinadaran jikin mace ya fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma.

Gwajin ARETTA, wanda ya haɗa docetaxel da trastuzumab a kan matan Najeriya kafin tiyata, ya fara cike giɓin, amma a Ibadan da Legas da Ile-Ife aka soma shi.

A arewa kuwa akwai batun yarda. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka mutu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75.

Duk gwajin da za a kawo yankin sai an bayyana wa mace da iyalinta haɗarinsa da Hausa, an kuma ɗauke mata kuɗin mota da masauki. Idan ba haka ba, za a ci gaba da yi wa matan Jigawa magani da sakamakon binciken da babu su a ciki.