Ranar Buɗe Kakar Besbol Juma'a Ce: Ina Matsayin Musulmi Ɗan Kallo?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mamallakin lokaci da abin da ke cikinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk shekara idan watan Fabrairu ya raba tsakiya, manyan jami'o'in Amurka da ke ƙarƙashin hukumar wasanni ta NCAA sukan buɗe kakar wasan besbol a rana guda. A 2024 ranar ta faɗo 16 ga Fabrairu, a 2025 kuwa 14 ga wata. Wanda ya duba kalanda zai tarar dukkansu Juma'a ne, kuma ba katari aka yi ba, al'adar wasan ce a kara sau uku a ƙarshen mako: Juma'a, Asabar da Lahadi. Shi ya sa tambaya guda take yawan dawowa a bakin 'yan uwa ɗalibai da ke karatu a wannan ƙasa, da kuma iyayen da 'ya'yansu suka tashi a nan suka iya wasan tun suna firamare. Shin ya dace Musulmi ya sayi tikiti, ya sa hular makarantarsa, ya je ya zauna cikin dubban mutane yana sowa? Amsata ita ce ya je. Sai dai akwai magana a bayan wannan amsa, kuma maganar ta fi amsar nauyi.

Ga ɗan uwan da bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowace ƙungiya mutum 9 ne a fili. Mai jifa yakan tsaya a kan ɗan tudu ya wurgo ƙwallo, mai kulki ya yi ƙoƙarin dokanta, idan ya dace sai ya ruga ya zagaya tashoshi uku ya dawo gida, a rubuta wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan aka fitar da mutum uku daga masu bugu, sai ƙungiyoyin su yi musanyar matsayi. Zagaye 9 ake yi. A jami'a kulkin ƙarfe ake amfani da shi maimakon na katako irin na ƙwararru, don haka idan ƙwallo ta haɗu da shi sai ka ji wata ƙara siririya kamar an doki tasa, kuma masoya wasan sukan ce ranar da suka fara jin wannan ƙara ita ce ranar da hunturu ya fara sallama. Wasan ya tsufa a makarantunsu, domin tun ranar 1 ga Yulin 1859 kwalejojin Amherst da Williams suka yi karawar farko tsakanin makaranta da makaranta, Amherst ta ci 73 da 32.

Ba zan ɓoye ba, ranar buɗewa tana da daɗi. Jami'o'in arewa da ƙanƙara ta rufe wa filaye sukan gangaro kudu, zuwa Luwiziyana da Misisifi da Fulorida da Teksas, inda rana ta fara ɗumi. Za ka ga tsoho da jikansa sun zo da safar cafke ƙwallo, tsohuwa ta lulluɓa da bargo tana rubuta kowane jifa a takarda da fensir, ana ɓarar gyaɗa ana zubar da ɓawon a ƙasa ba mai tsawatarwa. A filin Jami'ar Jihar Misisifi da ke Starkville, mutane sukan kafa murhu a bayan katangar fili su gasa nama, su miƙa wa baƙon da ba su taɓa gani ba, kuma a Afrilun 2023 sama da mutum 16,000 suka taru a wannan fili a wasa guda. A ranar farko babu ƙungiyar da aka taɓa ci. Kusan 300 ne a rukunin farko, 64 za su shiga gasar ƙarshe, 8 kacal za su isa birnin Omaha na jihar Nebraska inda ake kammala gasar tun 1950, amma a wannan Juma'a kowa yana ganin tasa ce za ta ɗauki kofi. Mutum ba ya rasa jin wani abu a ransa idan ya ga jama'a masu yawa haka suna kyautata zato a lokaci guda.

Wasu 'yan uwa, da kyakkyawar niyya, sukan ce duk wannan lagawu ne, mumini ba shi da lokacinsa. Ina girmama tsantseninsu, amma ban yarda a mayar da tsantseni ya zama hukunci a kan kowa ba. Ya tabbata a ingantattun ruwayoyi cewa Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Madina ranar Idi, Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya kāre Nana A'isha (RA) tana kallo har sai da ita da kanta ta gaji. Ya tabbata kuma ya yi tsere da ita, ya sa an yi sukuwar dawaki. Asalin wasan motsa jiki da kallonsa halas ne, sai abin da ya shigo daga waje ya ɓata shi. Besbol ma, idan ana maganar abin da ido ke gani a cikin fili, yana cikin wasannin da suka fi sutura, domin 'yan wasan dogon wando suke sawa da riga da hula. Uban da ya hana ɗansa wannan ba tare da hujja ba, ya sani cewa yaron zai je wata rana ba da shi ba, kuma a ranar babu mai taɓa kafaɗarsa ya ce masa rana ta yi sanyi, tashi mu yi La'asar.

To a nan ne maganar take. Besbol wasa ne marar agogo. Ƙwallon ƙafa minti 90 ce, kana iya lissafa lokacin tashi tun kafin ka bar gida. Besbol kuwa ba ya ƙarewa sai an fitar da mutum na ƙarshe, ko da an sa wa mai jifa daƙiƙa 20 tsakanin jifa da jifa don a rage jan jiki. Galibi yakan ci awa uku, yakan kuma zarce. A watan Mayun 2009 Jami'ar Teksas da Kwalejin Boston sun yi zagaye 25, sama da awa 7, kafin Teksas ta ci 3 da 2. Masoya wasan suna alfahari da wannan siffa, suna cewa nan ne kaɗai wurin da ɗan Amurka yake mantawa da agogonsa. Mu kuwa salla an wajabta mana ita ne a lokuta ƙayyadaddu. Ka shiga wurin da aka gina daɗinsa a kan manta lokaci, alhali kai bawa ne na Wanda Ya yanka maka yininka gida biyar. A tsakiyar Fabrairu rana tana faɗuwa a kudancin Luwiziyana kafin ƙarfe shida. Wasan da aka fara ƙarfe biyu zai haɗiye La'asar, wanda aka fara ƙarfe huɗu zai haɗa da Magariba. Kuma mu da muka tashi a kan mazhabar Imamu Malik mun san cewa zaɓaɓɓen lokacin La'asar yana fita ne idan rana ta yi fatsi-fatsi, na Magariba kuwa a mashhurin zance ɗan kaɗan ne, gwargwadon a yi tsarki a tayar da salla. Lokacin larura an ajiye shi ne don mai larura, kuma ban san malamin da ya lissafa zagaye na takwas, da mutum biyu a tasha, cikin larurori ba. Haka nan haɗa salloli biyu rangwame ne na matafiyi da mai rashin lafiya da daren ruwan sama, ba a yi shi don ɗan kallo ba.

Ita Juma'a hukuncinta ya fi fitowa fili. Suratul Jumu'a ta umarci muminai su bar ciniki idan an yi kira, alhali ciniki neman halas ne, ina ga kallon wasa. A ƙarshen surar kuma an zargi waɗanda suka watse zuwa ga fatauci da wargi suka bar Annabi (SAW) a tsaye yana huɗuba, kuma Jabir (RA) ya ruwaito cewa ayari ne ya iso Madina, mutum 12 kaɗai suka rage a masallaci. Waɗancan abinci ne ya iso musu a lokacin da ake buƙatarsa, duk da haka ba a ƙyale su ba. Amma a lura, wannan surar dai ita ce ta ba da izinin a bazu a bayan ƙasa idan an idar da salla. Ke nan tsarin a bayyane yake: masallaci tukuna, sannan fili. Wanda ya isa a zagaye na uku saboda liman ya tsawaita huɗuba bai yi asarar komai ba sai taken ƙasa da jifan farko na babban baƙo.

Abin da ke ba ni kunya a madadinmu shi ne, mutanen wannan ƙasa sun riga sun san irin wannan tsayuwa, kuma suna girmama ta. Sandy Koufax, Bayahude, wanda ya yi wa Jami'ar Cincinnati wasa a 1954 kafin ya zama gwarzon mai jifa na Dodgers, ya ƙi fitowa a wasan farko na gasar ƙarshe ta ƙwararru ranar 6 ga Oktoban 1965 saboda ta dace da Yom Kippur, ranar azuminsu mafi girma. Ƙungiyarsa ta sha kashi a ranar, daga baya ta ɗauki kofin, kuma har yau an fi tuna shi da wasan da bai buga ba. Jami'ar Brigham Young ta mabiya ɗarikar Mormon ba ta wasa ranar Lahadi ko kaɗan, a 1958 ma ta haƙura da zuwa Omaha bayan ta cancanta saboda jadawalin ya haɗa da Lahadi, kuma daga baya hukumar NCAA ce ta koma tana gyara jadawali domin irinsu. Waɗannan 'yan wasa ne, abin da suka bari ya shafi sunansu da abincinsu. Kai ɗan kallo ne, abin da ake nema ka bari bai wuce minti goma a kan benci ba.

Kuma yin hakan ba shi da wuya kamar yadda shaiɗan yake kwatanta shi. Ka fito gida da alwala, domin filaye da yawa ba sa barin wanda ya fita ya sake shiga da tikitinsa. Ka naɗe ƙaramar darduma a aljihun rigar sanyi. Bayan rumfunan zama ba a rasa lungu mai tsabta, kuma a iya abin da na gani, idan ka gaya wa ma'aikacin fili cewa kana son wurin da za ka yi ibada na minti biyar, nuna maka zai yi, wani ma ya tsaya ya hana mutane gittawa. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take. Wani abin sha'awa, dokokin wasan ƙwararru sun so a shimfiɗa fili ta yadda mai bugu zai fuskanci gabas da ɗan karkata arewa don kada rana ta shiga idonsa, amma ba kowane fili ya bi wannan ba, don haka ka duba wayarka, kada ka yi koyi da mai kulki. Wasan kansa cike yake da giɓi, sau 16 ko fiye ake musanyar matsayi, a tsakiyar zagaye na bakwai ma kowa yakan miƙe ya miƙe ƙafa a rera waƙa. Mutane suna tashi sayen abinci su yi minti ashirin a layi ba wanda ya ce sun ci amanar ƙungiya.

Akwai abubuwa biyu kuma da ba su buƙatar dogon bayani. Na farko giya: tun 2019 ƙungiyar jami'o'in kudu maso gabas ta ɗage haramcin sayar da ita a wuraren zaman jama'a, ta bar wa kowace makaranta zaɓi, don haka a nemi ɓangaren da iyalai suke zama, a kuma yi tambaya kafin a sayi nama, domin alade ya yi yawa a abincin fili. Na biyu caca, kuma ita ta fi ba ni tsoro, saboda ba ta wari kuma a cikin waya take. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana jihohi halasta cacar wasanni a Mayun 2018, tallarta ta cika ko'ina, ana yi wa matasa tayin kuɗin farawa kyauta. Ba ta tsaya ga 'yan kallo ba. A Mayun 2023 Jami'ar Alabama ta sallami mai horar da ƙungiyarta ta besbol bayan an gano wata caca mai alamar tambaya da aka yi a kan wasansu da Jami'ar Jihar Luwiziyana. Yaron da ya fara da dala biyar don wasa ya ƙara armashi, ba wasan yake kallo ba kuma, kuɗinsa yake kallo. A kan wannan babu saɓani tsakanin malamai, kuma babu ƙarami a cikinta.

Saura batun azumi. A 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa ne a farkon kakar, a 2025 ya kama makonni biyu kacal bayan ranar buɗewa. Wasan dare a cikinsa yana cin buɗa baki da Isha da asham gaba ɗaya, kuma a ganina wannan ciniki ne da bai kamata mai hankali ya shiga ba, tunda kowace ƙungiya tana da wasa har 56 a kaka, wasu suna nan suna jira bayan Salla. Wanda kuma ya duba jadawali ya ga wasan ranar buɗewa ya ci karo da lokacin Juma'a a garinsu, ko masallacin ya yi nisa da fili, to ƙungiyoyin nan biyu za su sake karawa ranar Asabar, a fili ɗaya, kuma sau da yawa layin shiga ma ya fi sauƙi.

Allah Ya sa mu dace, Ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.