A Tambayi Ɗalibi, Ba Hedimasta Ba

Ranar 17 ga Mayu 2022 wani abu ya fashe a Titin Aba, cikin Sabon Gari, dab da wata makarantar yara. Mutum tara suka rasu. Da farko 'yan sanda suka ce tukunyar gas ce ta mai walda, daga baya suka sake magana. Ko ma mene ne, tambayarmu ɗaya ce: wane ofishi ne a Kano ya san abin da ke maƙwabtaka da ajin yaran nan kafin wannan rana?

Watanni huɗu kafin haka, a Janairu, aka tono gawar Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar, wadda mai makarantarsu ya sace ya kashe. Gwamnati ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu, kotu ta yanke hukuncin kisa a Yuli. Madalla. Amma ihu ne bayan hari.

Yanzu ana ta yi mana albishir da na'ura. Wai da kwamfuta da wayar hannu za a auna yanayin kowace makaranta: ko akwai katanga, ko ana dukan yara fiye da kima, ko manyan ɗalibai na cin zalin ƙanana. Mu ba abokan gaban kwamfuta ba ne. Tun 2014 UNICEF ta kawo U-Report Nijeriya, inda matashi ke ba da amsa da saƙon waya kyauta, kuma wayoyi ga su nan jibge a Titin Beirut. Kayan aiki ba su ne matsalar ba. Matsalar ita ce wanda ake tambaya.

Idan jami'i ya zo daga Ma'aikatar Ilmi da allon kwamfutarsa, ofishin hedimasta zai nufa. A ba shi kujera, a kawo lemo, ya tambaya ko lafiya, a ce lafiya lau. Shin wane mai makaranta ne zai rubuta da hannunsa cewa ƙofa ɗaya tak gare shi, a benen da aka gina don haya? Ƙaryar da a da ake rubutawa a takarda ita ce za ta shiga na'ura, sai dai ta fi saurin isa Abuja.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da ke ratsa cunkoson Kantin Kwari kullum safiya ta san lungun da ake tare ta. Yaron Fagge ya san malamin da ake gudu. A tambaye su, ba tare da suna ba, da Hausa da Ibo da Yarbanci da Turanci, domin Sabon Gari ba harshe ɗaya take ji ba. Kuma kada amsar ta bi ta hannun wanda ake ƙara; yaron da aka gane shi ne ya yi magana ya shiga uku.

Takardu kam ba mu rasa su ba. Bayan Chibok, a 2014, aka ƙaddamar da shirin kare makarantu. A 2021 Abuja ta karɓi taron duniya a kan haka. Duk da wannan, a 2024 UNICEF ta ce kashi 37 cikin ɗari ne kawai na makarantun jihohi goma da ta bincika suke da hanyar gargaɗi kafin haɗari. A shekarar ce kuma Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi.

To, ga abin da muke nema. Sakamakon kowace makaranta a Ƙaramar Hukumar Fagge a manna shi a bakin ƙofarta, inda uwa za ta gani, tare da sunan jami'in da zai gyara da ranar da zai gama. Ku kuma 'yan'uwa da kuka kama aikin gwamnati, fayil ɗin nan teburinku zai zo. Muna so mu ji kwana nawa zai yi a kai.