Ɓarin jiki ya mutu, amma ciwon a ka yake

A Gaya da Ajingi, idan magidanci ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana tana sarƙewa, abin da ake yawan fara cewa shi ne iska ta buge shi. Sai a kawo hayaƙi da man shafawa, a yi ta murza hannun. Hannun kuwa lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana can cikin ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki ke amfani da ita. Daga gare ta laka ta sauka ta cikin ƙashin baya, daga lakar kuma jijiyoyi 31 suka fita ta dama, 31 ta hagu, suka ratsa jiki kamar wayoyin lantarki. Manomin da ke sunkuye yana cirar gyaɗa a Toranke, kafin yatsunsa su damƙi ganye sai saƙo ya taso daga ka ya bi wannan hanya, wani lokaci da gudun da ya haura mita 100 a daƙiƙa ɗaya.

Hanyoyin nan suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa. Sashen hagu shi ke juya ɓarin dama na jiki, na dama yana juya hagu. Tun a 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya fara nuna inda magana take fitowa, kuma ga yawancin mutane a sashen hagu ne. Shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa har bakinsa ke ɗaukewa. Dattawa sun daɗe da lura da haka, bayanin ne bai iso musu ba.

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan hanyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. Inda jini bai kai ba, ƙwayoyin suna fara mutuwa cikin mintuna, kuma ba sa dawowa. Maganin narkar da gudan jini yana da iyakar lokaci, kimanin awa huɗu da rabi, kuma ba a bayar da shi sai an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce, ba fashewa ba. Mutumin Kademi da za a ɗauko a ratsa Gaya, a haye gadar Wudil, a kutsa cunkoson Mariri kafin a kai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba shi da wunin da zai ɓatar wajen hayaƙi. Addu'a ba ta hana tafiya. A cikin mota ma ana yin ta.

To amma gaskiya ita ce, ga mai nisa da birni rigakafi ya fi tseren kan titi amfani. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Malam Aminu Kano, ya nuna hawan jini ne kan gaba a musabbabin cutar, nesa ba kusa ba. Hawan jini kuwa sau tari ba ya ciwo, kuma awonsa bai wuce minti biyu ba.

Nan ne aikin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da masarautar Gaya yake. Ma'aikacin lafiya da na'urar awo ya kamata su riƙa zama a bakin kasuwa ranar da take ci, da ƙofar masallacin Juma'a. Wanda aka samu jininsa ya hau, a faɗa masa ƙarara cewa maganin na kullum ne, ba a dainawa don an ji sauƙi, kuma a rage gishiri da dunƙulen miya. Masu unguwanni da limamai su sanar da jama'a cewa karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar magana dalili ne na neman mota nan take, ko da tsakar dare ne.