Mamatan da Ba a Rubuta Ba

A makon nan ma an ji wani jami'i a rediyo yana bugun ƙirji wai mace-mace sun ragu, kuma kamar kullum babu wanda ya tambaye shi inda ya samo lissafinsa. Wannan ne ya ɓata wa mai wannan shafi rai.

Lissafin ba wuya gare shi ba. A ƙirga waɗanda suka rasu a shekara, a auna da yawan jama'a, a faɗi mutum nawa ne cikin kowane dubu. To Najeriya ko ɗaya ba ta da shi a hannu. Rabonta da ƙidaya tun 2006. Ta 2023 aka ɗage. Rajistar mutuwa kuwa, duk da dokar 1992 da ta wajabta ta, da ƙyar take kama mamaci ɗaya cikin goma. Dattijo ya cika da asuba, a yi masa sutura, a sallace shi, kafin azahar an kai shi makwanci. Addini ya ce a gaggauta, kuma haka ya dace. Amma takardar shaidar mutuwa, sai in akwai fansho ko kuɗi a banki ake tuna ta.

Kano ta ɗanɗana kuɗarta a Afrilun 2020. Masu haƙa kabari a Dandolo da sauran maƙabartu su suka fara kokawa, ganin makara na bin makara tun safe har magariba. Gwamnatin jihar ƙarƙashin Gwamna Ganduje ta ce hawan jini ne da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Da yake an riga an binne mutanen, ba sauran abin gwadawa, sai aka bi gida-gida ana tambayar iyalai: ya yi tari? numfashinsa ya sarƙe? kwana nawa ya yi a kwance? A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an binciki mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. Mai yiwuwa! Da akwai littafin da ke nuna mutum nawa Kano ta saba binnewa kowane Afrilu, da tun makon farko an gane abin ya wuce ƙima, ba sai an tsaya musu ba.

Alƙaluman da ake yawo da su ma daga bakin mata suka fito. Binciken lafiya na 2018 ya ce uwa 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000, ta hanyar tambayar mata labarin 'yan'uwansu mata. Ya ce yara 132 cikin dubu ba sa kai shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa 187. Masana za su ce hanyar tana da inganci. Tana da shi, amma sai bayan shekaru ake maimaita ta, annoba kuwa ba ta jira.

Ko da lambar ta samu, sai an iya karanta ta. A kowane mutum dubu, Jamus ta fi Nijar yawan mace-mace, don tsofaffi sun cika ta, alhali kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Jami'in rediyo bai san wannan ba, ko ya sani ya yi gum.

Babu rasuwar da ke wuce mai unguwa da limami. Ƙasar da ke iya kai akwatin zaɓe kowane lungu ta kasa kai musu littafi da biro, wannan ganganci ne.