WAI A WARWARE "BEKON" A CI SAURAN? ALADE NE FA!

Akwai wani girki da ke ta yawo a wayoyin matan Musulmi, daga YouTube zuwa TikTok, ana kallo ana haɗiyar yawu, ba tare da an tsaya an tambayi abin da ke cikinsa ba. Laimar kwaɗi ake samowa, wadda wasu ke kira naman kaza alhali babu abin da ya haɗa ta da kaza, a cire mata kara, a cusa cuku mai laushi da tafarnuwa a ramin, sannan a naɗe ta da wani siririn jan nama mai ratsin kitse, a soke da tsinken sakace, a sa a obin kamar minti 20 zuwa 25. In ta fito tana maiƙo sai a jera a faranti a ajiye gefen babban abinci. Shi wannan jan naman wai sunansa "bekon".

To, bekon dai naman alade ne, ba wata kwana-kwana. A Amurka, inda girkin ya fi tashe, daga ƙasan cikin aladen ake yanko shi, a tsuma shi da gishiri da sinadarin naitarait, a turara da hayaƙi. Allah (T) ya haramta naman alade a wurare huɗu a cikin Alƙur'ani: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145 da Nahli aya ta 115. Wannan ko ɗan makarantar allo ya sani. Matsalar ita ce an sauya wa dabbar suna, an kuma mayar da ita ɗan abin taɓawa a gefen faranti, yadda ido ba zai firgita ba.

Abin takaicin ma shi ne fatawar da wasu 'yan uwa da ke karatu ko aiki a ƙasashen Turai da Amurka suka yanka wa kansu. In abokan aiki suka gayyace su liyafa aka kawo wannan faranti, don gudun a ce musu ƙauyawa, sai su ce ai ba komai, a warware bekon ɗin a ajiye, a ci laimar da cukun tunda su halal ne. Subhanallahi! Ko sun san dalilin da ya sa ake naɗe ta tun farko? Ita laimar kwaɗi kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, jikinta kamar soso yake. Da ta ji wuta sai ta saki ruwanta, kitsen aladen kuma ya narke ya ratsa ta, ya gauraye da cukun. Wannan shi ne ɗanɗanon da masu girkin ke nema, su da kansu suke faɗa. Wanda ya warware naɗin fanko ya jefar, aladen kuwa yana nan a cikin lomarsa.

Malamai ba su bar wannan babi a buɗe ba. A hadisin Nana Maimuna (RA) da Buhari ya ruwaito game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, umurnin da aka bayar shi ne a cire shi da abin da ke kewaye da shi, malamai kuma suka ce wannan a sandararren mai ne, inda najasar ba ta ratsa ba. Shi kuwa Shehu Halilu a Muhtasar ya lissafa naman da aka dafa da najasa cikin abubuwan da ba sa karɓar tsarki. To ina ga abin da ya yi minti 20 yana wanka a narkakken kitsen alade?

Su kansu Amurkawan tallata musu wannan kwaɗayi aka yi. A shekarun 1920 kamfanin Beech-Nut, da ke neman kasuwar bekon ɗinsa, ya ɗauko wani gwanin farfaganda mai suna Edward Bernays. Shi ne ya sa aka rubuta wa likitoci kusan 5,000 ana tambayarsu ko karin kumallo mai nauyi ya fi lafiya, akasarinsu suka ce e, sai aka baza amsar a jaridu aka liƙa mata bekon da ƙwai. Mutumin nan ne fa a 1929 ya shirya wa 'yan mata jerin gwanon zuƙar taba a titin New York da sunan 'yanci. A 2015 kuma sai ga cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama irin su bekon cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar, tana cewa cin giram 50 kullum na ƙara haɗarin dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Musulmi bai jira wannan rahoto ba kafin ya bari, amma ya isa ya rufe bakin mai cewa wayewa ce.

Babu mai hana kowa cin laimar kwaɗi da cuku. Matar da ta so ta cusa, ta gasa da man shanu ko man gyaɗa, ta naɗe da yankan naman sa in tana son nama, ba ta yi laifi ba. Akwai ma bekon ɗin naman sa da na talotalo, wanda hukuncinsa ke komawa ga yadda aka yanka dabbar, ba ga abin da aka rubuta da manyan baƙi a jikin leda ba. Laifin yana wuyan masu ɗauko bidiyon Turawa su ɗora masa bayani da Hausa, su kira albasa albasa, su kira tafarnuwa tafarnuwa, amma da an zo kan alade sai harshensu ya koma Turanci. Mai karatu ya kuma lura, a irin waɗannan liyafofi sau da yawa tire ɗaya ake gasa mai naɗi da marar naɗi, kitsen kuma ba ya tsayawa a gefensa.